Ƙasa, Ruwa da Diyya a Kwarin Binuwai: Daga Tafkin Njuwa zuwa Madatsar Kiri

1.0 Gabatarwa

A gefen tsohon garin Yola akwai wani tafki mai suna Njuwa, wanda ruwan damina da ambaliyar kogin Binuwai kan cika. Tun kaka da kakanni, idan rani ya tsaga ruwa ya ja, mutanen ƙauyukan Bata irin su Rugange da Njoboliyo da Dasin da Bagale sukan hallara su yi su a cikinsa, Fulani da Hausawan Yola da Jimeta kuma su fito kallo da sayen kifi. Kowa ya san wanda ke da ikon buɗe ruwan da lokacin da ake buɗe shi, alhali babu takardar da aka taɓa rubuta wannan iko a cikinta. A 'yan shekarun nan tafkin ya cike da yashi da laka, ya tsuke, har bikin kansa ya yi shekaru yana tangal-tangal. Hukuma ba ta taɓa yin shelar karɓe Njuwa ba, saboda haka ba wanda aka biya ko kwabo.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ikon hukuma na karɓar fili da sunan amfanin jama'a ya kafu a wannan kwari, da yadda manoma suka tunkare shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga 1910 dokokin ƙasa na Arewa abin da aka shuka ko aka gina kawai suke ƙirgawa, ba sa ganin abin da ruwa ke kawowa, wato kifi da ciyawa da damshin fadama. Daga wannan giɓi ne mafi yawan rigingimun diyya suka taso.

2.0 Ƙasa a Fombina kafin Zuwan Turawa

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribaɗu, ya ɗan yi zama a Njoboliyo, sannan ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Duk waɗannan wurare cikin ƙasar Bata suke ko a bakinta, kuma sai a zamanin ɗansa Lamiɗo Lauwal aka ci dutsen Bagale da ke hayin kogi. Ke nan kafin wani Bature ya auna fili a Adamawa, an riga an yi rabon ƙasa ta hanyar yaƙi. Manyan fada sun kafa rumada, wato rumde a Fulfulde, inda bayi ke yi musu noma, makiyaya sun sami mashaya da makiyaya, sauran Bata kuwa suka riƙe gonakinsu da ruwayensu a ƙarƙashin amana ko biyan wani abu ga Lamiɗo. Sa'ad Abubakar ya yi bayanin wannan tsari filla-filla a littafinsa kan Lamiɓen Fombina na 1977.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda mutanen suka bambanta haƙƙoƙi da kalmomi. Bahaushe yana da ƙasa, yana da gona, gandu, gayauna, saura, fadama, hurumi, burtali. Bafulatanin Adamawa yana da lesdi, wato ƙasa baki ɗaya, da ngesa, gonar da mutum ya nome, da karal, filin laka da ake dasa masakwa a kai bayan ruwa ya janye, da weendu, tafki. Fili ɗaya yakan ɗauki masu haƙƙi uku a shekara guda: masunci lokacin da ruwa ya rufe shi, mai masakwa da kaka, makiyayi da rani bayan an yi girbi. Ba ɗayansu da zai ce filin nasa ne shi kaɗai, ba kuma wanda za a ce ba shi da komai a ciki.

Shari'ar da Fombina ta bi ba ta hana shugaba karɓar fili ba. Malaman Malikiyya sun yarda a tilasta wa mutum sayar da filinsa domin faɗaɗa masallaci ko hanya, amma da sharaɗin a biya shi ƙimarsa. Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Ta'alimur Radi kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a matacciyar ƙasa, inda raya ta da aiki yake cikin manyan dalilai. Ko sarakuna sun bi wannan sau da ƙafa wata magana ce daban, amma ƙa'idar sananniya ce.

3.0 Dokar 1910 da 'Ya'yanta

Kamfanin Neja ya daɗe yana ciniki a bakin Binuwai kusa da inda Jimeta take a yau, kafin sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland su ci Yola a watan Satumba na 1901. Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Sauran Fombina, wato Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo, ta faɗa hannun Jamus. Iyakar da aka ja ta raba kogin gida biyu, samansa a Kamaru, ƙasansa a Nijeriya, kuma za a ga illar wannan a gaba.

A 1908 aka kafa kwamiti a Landan domin duba sha'anin ƙasa a Arewa, a zamanin Gwamna Girouard. Sakamakonsa shi ne dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916. Ta ce ƙasar Arewa duka, wadda ake nomawa da wadda ba a nomawa, tana hannun Gwamna yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Manomi ya tashi daga mai gona ya koma mai izinin zama. Gwamna na iya soke wannan izini idan akwai dalili, ya biya kuɗin abin da aka inganta filin da shi wanda bai ƙare ba. Masu tsara dokar sun yi iƙirarin cewa suna kare talaka daga 'yan kasuwar filaye, kuma gaskiya ne ta hana Turawa kafa manyan gonaki irin na Kenya. Sai dai kariyar ta zo da tsada, domin ta cire ƙasar kanta daga cikin abin da ake biya. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari kusan yadda yake a dokarta ta 1962, sai ikon ya koma hannun Minista.

Dokar Amfani da Ƙasa da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris 1978 ta ɗauki tsarin Arewa ne ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa filayen kowace jiha ga Gwamnanta. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke izinin kowa saboda buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya, kuma ya ambaci haƙar ma'adinai da shimfiɗa bututun mai da sunansu cikin irin wannan buƙata. Sashe na 29 ya ƙayyade abin da za a biya: kuɗin hayar da mai filin ya biya a shekarar, kuɗin gini bayan an cire tsufansa, da kuɗin amfanin gona gwargwadon yadda jami'in gwamnati ya yanke. Manomin karkara ba ya biyan hayar gonar gado, don haka rabonsa a ɓangaren ƙasa babu. Idan filin na al'umma ne, Gwamna na iya miƙa kuɗin ga sarkinsu ko shugabansu ya kashe a madadinsu. Sashe na 47 kuma ya hana kotu duba yawan diyyar ko dacewarta, ko da yake daga baya alƙalai sun ƙalubalanci wannan hani. An cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999, yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Kalmar da aka zaɓa wajen fassara wannan biya ga talaka ita ce diyya. A fiƙihu diyya fansar rai ce ko ta gaɓa, adadinta sananne ne, kuma karɓarta na nufin an rufe magana. Manomin da aka ce za a ba shi diyyar gonarsa yakan ɗauka za a ba shi abin da ya kai gonar. Shi kuwa ma'aikacin da ya zo da littafi, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya yake ƙirgawa, da kunyoyin dawa idan ya tarar da su a tsaye. Saurar da aka bari ta huta daji ce a wurinsa. Mutanen biyu kalma ɗaya suke faɗa, amma ba magana ɗaya suke yi ba.

4.0 Shekarun Madatsun Ruwa

Kuɗin mai da farin 1972 zuwa 1974 su suka haifi manyan ayyukan noman rani a Arewa. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola da hedikwata a Yola, aka kafa hukumomin raya kwarin koguna, ciki har da ta saman Binuwai wadda ke da mazauni a Yola, ita ce kuma ke kula da aikin noman rani na tafkin Gerio a Jimeta. Zaman Yola babban birnin jiha ya sa sakatariya da unguwannin ma'aikata da barikoki suka ci gonakin da ke tsakanin Yola da Jimeta, har garuruwan biyu suka kusa haɗewa.

Babban aikin yankin shi ne na rake. An ware dubban hektoci a ƙasar Numan domin kamfanin sukari na Savannah, aka kuma datse kogin Gongola a Kiri, cikin ƙasar Shelleng, domin ba raken ruwa. An kammala madatsar a 1982, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta tashi mutane fiye da 20,000. Waɗanda abin ya shafa kashi uku ne. Akwai waɗanda ruwa ya ci ƙauyukansu, aka mai da su tudu. Akwai waɗanda gonakinsu suka koma gonar rake. Akwai kuma na ƙasan madatsar, waɗanda ba a taɓa filinsu ba amma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama ta canza lokaci da yawa. Doka ta san kashi na farko da na biyu, gwargwadon bishiyoyi da bukkokinsu. Na uku ba su da suna a cikinta. Da aka sayar da kamfanin ga rukunin Ɗangote a farkon shekarun 2000, filin da aka karɓa da sunan jama'a ya bi kamfanin zuwa hannun ɗan kasuwa, al'amarin da dokar 1978 ba ta tanadi komawa ga masu asalin fili a kansa ba.

A wannan shekara ta 1982 Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a saman Garwa. Daga nan Binuwai ya daina cika da janyewa bisa tsarin da masu masakwa da masunta suka sani. Tsukewar Njuwa tana da dalilai da dama, kamar yashin da rafuka ke kwasowa, da noma har bakin ruwa, da faɗaɗar gari, amma sauyin ambaliya na cikinsu. Wanda ya datse ruwan yana wata ƙasa, babu kotun da Babate na Rugange zai kai shi.

5.0 Darasin Bakolori

Ba a Gongola manoman Arewa suka yi babbar arangama da wannan iko ba, a Sakkwato ne, kuma duk wanda zai fahimci shirun da ya biyo baya a sauran wurare sai ya san abin da ya faru a can. An gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, cikin Jihar Zamfara ta yau. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin a madadin hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima, aka rufe ruwan a 1978. Tafkin ya tashi mutane kimanin 13,000, aka zaunar da da yawansu a tudu mai tsakuwa, nesa da fadamar da suka saba. Waɗanda ke cikin yankin ban-ruwa kuma aka hana su shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da haƙa magudanai, aka sare itatuwansu, da alkawarin za a mayar musu da gonaki idan an gama. Da aka zo rabon, iyakoki sun ɓace, jerin sunaye ya cika da kurakurai, wasu da ba su da ko taƙi suka sami kuɗi, masu gona na ainihi suka tashi a tutar babu.

Manoman ba su fara da tarzoma ba. Sun kai kuka ga hakimai, sun rubuta takardun koke, wasu sun je kotu. Da abin ya faskara suka fara tare hanyoyi suna hana motocin kamfani aiki. A watan Nuwamba na 1979 Gwamna Shehu Kangiwa ya gana da su ya yi alkawarin share musu hawaye. Biyan bai tafi yadda suka zata ba, suka koma kan shingayensu, aiki ya tsaya cik. A ƙarshen Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, wasu majiyoyi suka ce sun haura ɗari uku. Björn Beckman da William Adams sun yi nazarin al'amarin, kuma Adams ya nuna cewa asarar manoman fadama na ƙasan madatsar, waɗanda shinkafarsu da kifinsu suka ragu, ba ta shiga lissafin masu tsara aikin ba tun farko.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, manoman Bakolori ba su ce hukuma ba ta da ikon gina madatsa ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne a ƙirga daidai, a biya kafin a taɓa. Na biyu, ƙauyuka da dama sun haɗa kai ba tare da wata jam'iyya ko ƙungiya mai rajista ta tsara su ba, ko da yake gwamnatin NPN ta ɗora laifin a kan 'yan adawa. Wannan haɗin kai ya yiwu ne domin harshensu ɗaya, sana'arsu ɗaya, asararsu ɗaya.

6.0 Bututu

Bututun mai ya iso Adamawa a makare kuma cikin shiru. Layin da aka shimfiɗa domin ɗauko tataccen mai daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya ƙare a ma'ajiyar mai ta Yola. Dokar Bututun Mai ta 1956 ta tanadi sanarwa da sauraron ƙorafi kafin a ba da lasisi, da biyan ɓarnar da aka yi wa gini da shuka da itatuwa masu amfani. Siririn fili bututu ke ci, amma yana ratsa gonaki ɗaruruwa, kowane mai gona kuma shi kaɗai ake yin ciniki da shi. A ƙasar Ogoni ne aka ga akasin haka: a Afrilun 1993 mutanen Biara suka fito suka tare masu shimfiɗa bututu a gonakinsu, sojoji suka yi harbi. Ƙungiyar MOSOP ta mai da irin wannan kuka ya zama na al'umma guda, abin da ya kai ga rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995.

A hayin iyaka, bututun Chadi zuwa Kamaru mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003 daga Doba zuwa Kribi, ya ratsa gabashin tsaunukan Adamawar Kamaru. Saboda Bankin Duniya na cikin masu ba da kuɗi, an yi jadawalin farashin kowace bishiya, an kuma yi shiri na musamman domin mafarautan Bagyeli na dajin Kribi. Duk da haka mutanen ƙasashen biyu sun kai ƙara ga kwamitin binciken Bankin a 2001 da 2002, kuma Bankin ya janye daga aikin a 2008 bayan saɓani da gwamnatin Chadi kan yadda ake kashe kuɗin man.

Misalin Amurka yana da amfani ta fuska guda. Makiyaya da manoman Nebraska fararen fata, jikokin waɗanda aka ba ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin wurin, sun haɗa kai da kabilun Lakota da Ponca domin hana bututun Keystone XL ratsa filayensu da ruwan da ke ƙarƙashinsu. A Afrilun 2014 suka shiga birnin Washington tare a kan dawaki, suka kafa tantuna. An soke izinin aikin a Janairun 2021, kamfanin ya haƙura a watan Yuni. Zaman dirshan na Standing Rock a 2016 bai hana bututun Dakota Access fara aiki a 2017 ba. Abin da ya ɗaure kawancen shi ne ruwa, wanda bai san iyakar gona ba.

A kwarin Binuwai ba a sami irin wannan kawance ba. Masuncin Bata da manomin Bachama da makiyayin Fulani da Bahaushe mai lambu duk fadama ɗaya ke ciyar da su, kuma duk lokacin da rake ko tafki ko gari ya ci wani yanki nata, sai su matsu a ragowar. Maimakon su fuskanci wanda ya rage filin, sukan fuskanci juna. Kashe-kashen ƙasar Numan na Nuwamba da Disamban 2017 suna da tushe da yawa, na siyasa da na sarauta da na addini, ba za a rataya su a wuyan madatsa ba. Amma wanda ya cire tsukewar fadama da toshewar burtali daga lissafin bai duba taswirar yankin ba. Tarihin 1809 ma yana nan bai kwanta ba, domin kalmar ɗan ƙasa da baƙo ta fi saurin tara mutane a wannan kwari fiye da kalmar manomi.

Tun lokacin gina Lagdo aka tsara Nijeriya za ta yi tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, domin tare ruwan da Kamaru za ta riƙa saki. An yi ambaliyar 2012, aka yi ta 2022, duka biyun suka ci gidaje da gonaki daga Yola har Lakwaja, madatsar tana kan takarda. Bayan kowace ambaliya sai a ta da maganarta, kuma masu kiran a gina ta suna da hujja mai ƙarfi. Filin da tafkinta zai rufe kuwa fadama ce da ake noma da kiwo da su a cikinta, kuma dokar da za a auna diyyar mutanen wurin da ita, in ba a gyara ba, ita ce ta 29 ga Maris 1978.